Hannun Baƙo a Zaɓen Shugaba: Darasi Daga Tarihin Gidan Buhari na Tambuwal

GABATARWA

Matafiyin da ya bar birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega, in ya wuce Boɗinga da Sifawa da Shagari, zai iske Dogon Daji, sa'an nan ya sauka Tambuwal. In ya ƙara nausawa kudu sai ya faɗa ƙasar Kebbe, inda Jihar Sakkwato ta yi iyaka da jihohin Kabi da Zamfara. Wannan yanki ƙasa ce ta noma da kiwo, kuma ba kasafai sunansa yake fitowa cikin littattafan tarihi na makaranta ba. Amma daga cikinsa ne aka sami mutumin da naɗinsa ya jawo fushin da birnin Shehu bai ga irinsa ba a ƙarni na 20, watau Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi, wanda aka naɗa a 1988 aka kuma tuɓe a 1996.

Har yau in aka tayar da zancen wannan naɗi a zauren hira, akan rabu gida biyu. Wasu su ce sojoji ne daga Ikko suka ɗora wa jama'a wanda ba su zaɓa ba. Wasu su ce haƙƙi ne na wani gida daga zuriyar Shehu, wanda aka daɗe ana tsallakewa, ya komo wa masu shi. Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin wannan gardama tun daga tushenta, domin ba a 1988 ta faro ba. Za a duba yadda ake zaɓen Sarkin Musulmi kafin zuwan Turawa, da yadda Turawan Ingila suka sa hannu a ciki, da abin da ya sami waɗanda hannun waje ya ɗora, sa'an nan a ga ko akwai abin da mai jefa ƙuri'a da ma'aikacin gwamnati za su tsinta a ciki.

1. ƘA'IDAR ZAƁE DA GIDAJEN SARAUTA

Shugabannin jihadi ba su ɗauki mulki abin gado ba. A cikin Kitabul Farƙ, inda aka jera halayen mulkin sarakunan da aka yaƙa, an lissafa gadon sarauta da ƙwace ta da ƙarfi ba tare da shawara ba a cikin abubuwan ƙi. Abin da malaman suka tsayar shi ne, manyan jama'a masu ilmi da faɗa a ji, waɗanda ake kira masu ɗaurewa da kwancewa, su ne za su zaɓi wanda ya fi cancanta, sauran jama'a su yi masa mubaya'a. Haka aka yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa a Gudu a 1804.

Da ƙasa ta buɗe, Shehu ya raba aikin kula da ita a wajen 1812. Gabas ta zama ta ɗansa Muhammadu Bello, yamma ta ƙanensa Abdullahi, arewa aka bar wa Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, sashen kudu kuwa aka sa ɗansa Muhammadu Buhari da Malam Abdussalami. Wannan Buhari malami ne, mawaƙi, mayaƙi, wanda ya tashi a hannun baffansa Abdullahi, ya kuma yi yaƙe-yaƙe a fuskar kudu. Shi ne ya zauna Tambuwal ya mai da ita ribaɗi mai tsaron wannan kusurwa, zuriyarsa kuma suka riƙe sarautar garin da ta wasu garuruwa na kewaye, har da Dogon Daji.

Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato tun kafin Abdullahi ya iso daga yamma, abin da ya sa tsakaninsu ya yi tsami na 'yan shekaru har suka shirya a yaƙin Kalambaina. Da Bello ya rasu a 1837 aka naɗa ɗan'uwansa Abubakar Atiku, alhali kuwa Buhari na Tambuwal yana raye. Daga nan sarauta ta shiga kai da komowa tsakanin gidan Bello da gidan Atiku. Cikin Sarakunan Musulmi 16 da suka yi mulki daga 1817 zuwa 1988, guda 9 daga gidan Bello suke, 6 daga gidan Atiku, sai Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu shi kaɗai, wanda ya yi daga 1867 zuwa 1873. Gidan Buhari bai taɓa hawa ba cikin waɗannan shekaru 171.

Masu zaɓe kuwa, a sannu suka zama majalisa sananniya. Waziri ne kan gaba, tare da Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadiman Gari, da shugabannin manyan dangogin da suka ɗauki nauyin jihadi, irin su Sarkin Yaƙin Binji da Sarkin Kabin Yabo da Arɗon Shuni da Arɗon Dingyaɗi da Baraden Wamakko. Wata al'ada da suka riƙe ita ce, tun bayan Bello ba su taɓa naɗa ɗa ya gaji ubansa kai tsaye ba a duk ƙarni na 19. Ya kamata a riƙe wannan, domin zai sake tasowa har sau biyu.

Kada kuma a ɗauka cewa katsalandan a zaɓen shugaba Bature ne ya kawo shi. A 1893, da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya dage sai an naɗa Tukur, saboda bajintar da ya nuna masa a yaƙin Argungu, ko da yake mafi yawan 'ya'yan sarautar Kano suna bayan Yusufu. Abin da ya biyo baya shi ne Basasar Kano, wadda ba ta lafa ba sai da Tukur ya rasa gadonsa a 1894 ya kuma rasa ransa a 1895. A idon Bakano na wannan zamani, hannun Sakkwato shi ne hannun waje.

2. DOKAR DA LUGGA YA KAFA A 1903

Ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Turawan Ingila ta karya mayaƙan Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, wanda bai cika wata shida a kan gado ba, ya yi gabas da jama'a masu yawa da niyyar hijira. Waziri Muhammadu Buhari, wanda shi daga gidan Giɗaɗo yake, ba daga gidan Buhari na Tambuwal ba, ya yi shawara da malamai, suka ga gara su koma su zauna da Nasara don kada a bar talakawa ba mai tsaya musu. Daga baya ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abuta ilmi yana bayyana hujjarsa, abin da ya nuna yadda al'amarin ya dame shi.

Gwamna Lugga ya iso bayan 'yan kwanaki, ya ce masu zaɓe su fitar da sabon sarki. Aka tsaya a kan Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba, daga gidan Bello, wanda dā ma ya nemi sarautar a 1902 bai samu ba. A jawabin da Lugga ya yi ranar 21 ga Maris, ya shimfiɗa ƙa'idar da ta zama uwar duk abin da ya biyo baya. Ya ce yadda Fulani suka ci ƙasa da yaƙi suka sami ikon naɗi da tuɓewa, haka yanzu wannan iko ya koma hannun Ingila. Ya ce Gwamna ne zai naɗa kowane sarki, zai duba al'adar gado da abin da jama'a suke so, amma yana da ikon ture su gefe in ya ga dalili.

Daga wannan rana majalisar masu zaɓe ta koma mai ba da shawara kurum. A lokacin kuwa Attahiru na farko yana raye, da mubaya'ar jama'a a wuyansu, don haka aka yi wata huɗu da Sarkin Musulmi biyu, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Mutanen da suka bar gonakinsu da gidajensu suka bi shi, da ƙafafunsu suka nuna wanda suka yarda da shi.

Tawayen Satiru na 1906 ya ƙara ɗaure wannan sabuwar dangantaka. Sarakunan Sakkwato suka tsaya tare da Turawa, Marafan Gwadabawa Muhammadu Maiturare ya fita da mayaƙansa, aka rushe garin. Sarkin Gwandu da aka zarga da goyon bayan 'yan tawaye aka tuɓe shi. Da gado ya faɗi a 1915, Maiturare ne ya hau. Tun daga nan kowane ɗan sarki ya gane cewa neman sarauta yana da ƙofa biyu, ƙofar Waziri da ƙofar Razdan, kuma ta biyun ta fi saurin kai mutum.

3. TAMBARI: WANDA RAZDAN YA ƊORA, GWAMNA YA SAUKE

Babu inda illar wannan tsari ta fito fili kamar a kan Muhammadu Tambari ɗan Maiturare. Masanin tarihi P. K. Tibenderana ya bi takardun gwamnati na wannan zamani ya nuna yadda aka gina sarautarsa da yadda aka rushe ta. Da Maiturare ya rasu a 1924, zukatan masu zaɓe sun karkata ga Hassan ɗan Mu'azu, Sarkin Ɓauran Dange, daga gidan Bello. Dalilansu a bayyane suke. Gidan Atiku ne ya sauka, don haka bisa al'ada gidan Bello ake sa rai, ga shi kuma ba a saba ɗa ya gaji uba kai tsaye ba. Amma Razdan Webster ya riga ya sa ransa a kan Tambari, wanda yake ganin zai fi tafiyar da aikin En'e yadda Turawa suke so. Ra'ayin Razdan ne ya rinjaya.

Sarkin da ya hau a haka ya iske kansa a tsakiyar fadawan da ya san ba shi suka so ba. Sai ya shiga kawar da waɗanda yake shakkar biyayyarsu yana sa nasa, kowane wanda aka kawar kuwa ya koma gida da dangi da barori da abokan arziki, duk suna jiran rana. Muddin Baturen da ya ɗora shi yana nan, ƙorafi ba ya wuce zaure. Amma Razdan ma'aikaci ne, ana yi masa canjin wurin aiki, yana kuma yin ritaya. Da aka sami sababbin Turawa a Sakkwato da Kaduna, waɗanda ba su da alkawari da shi, sai ƙararraki suka fara samun mai saurare. Aka zarge shi da zalunci a shari'a, aka kuma zarge shi da hulɗa da bokaye da matsafa, zargin da ya fi kowane muni ga mai riƙe da tutar Shehu. A zamanin C. W. Alexander, wanda ya karɓi ragamar Lardunan Arewa a 1930, aka matsa bincike. A watan Janairu 1931 Tambari ya bar gado ya ƙetara ƙasar Nijar, wadda take hannun Faransa a lokacin. Wanda aka naɗa a madadinsa shi ne Hassan ɗan Mu'azu, watau mutumin da masu zaɓe suka so shekara bakwai da suka wuce.

Masana sun yi saɓani a kan ko laifuffukan da aka jingina masa duk gaskiya ne, ko kuwa maƙiya ne suka ƙara gishiri. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne, ranar da ya nemi masu tsaya masa a cikin gida bai same su ba, domin tun farko ba su ne suka tsayar da shi ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A shekarar 1930 ɗin ce kuma gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar naɗi da tuɓe sarakuna, wadda ta mai da maganar Lugga rubutacciyar doka. Da aka sami mulkin kai a 1960 ba a soke wannan iko ba, sai dai aka gaje shi, ya tashi daga hannun Gwamna Bature ya koma hannun gwamnatin Jihar Arewa, daga baya kuma hannun gwamnonin jihohi.

Ba kowane naɗi da Bature ya sa wa hannu ne ya lalace ba. A 1938 Turawa sun goyi bayan Abubakar, ɗan ɗan'uwan Hassan, a kan sauran manema, cikinsu har da Ahmadu Raɓa wanda aka ba sarautar Sardauna daga baya. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya shekara 50 a kan gado cikin girma da ƙaunar jama'a. Bambancinsa da Tambari shi ne, a wannan karo abin da Razdan yake so bai ci karo da abin da masu zaɓe za su iya ɗauka ba.

A ƙetaren iyaka kuwa, Faransa ta nuna yadda ake yin irin wannan aiki da akwatin ƙuri'a. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, shugaban gwamnatin Nijar Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun nemi a ce a'a, a karɓi 'yanci nan take. Faransa ta aiko sabon gwamna, Colombani, ana saura 'yan makonni, ya ja sarakunan gargajiya a jika, ya jefa ma'aikatan gwamnati cikin yaƙin neman ƙuri'a. Masu cewa i suka yi rinjaye, Djibo ya sauka, Diori Hamani ya hau, a 1959 aka haramta Sawaba.

4. NUWAMBA 1988

An haifi Ibrahim Dasuƙi a Dogon Daji ranar 31 ga Disamba 1923. Mahaifinsa Haliru ɗan Barau shi ne Sarkin Yamma, hakimin garin, daga zuriyar Buhari ɗan Shehu. Ya yi Midil ta Sakkwato da Kwalejin Kaduna, ya yi aiki a kamfanin Gaskiya a Zariya, ya zama sakataren Sardauna, ya yi aikin jakadanci a Jamus da Sudan, ya kai matsayin babban sakatare a gwamnatin Jihar Arewa. Bayan ya bar aikin gwamnati ya shugabanci hukumar jiragen ƙasa, ya riƙe sakatarcin Jama'atu Nasril Islam, ya shugabanci reshen bankin BCCI na Nijeriya, a 1984 kuma aka ba shi shugabancin kwamitin duba tsarin ƙananan hukumomi. Yana riƙe da sarautar Baraden Sakkwato. Ɗansa Sambo, hafsan soja, ya taɓa zama dogarin Janar Ibrahim Babangida.

Sarkin Musulmi Abubakar ya rasu ranar 1 ga Nuwamba 1988. Cikin kwana biyu labari ya bazu ko'ina cewa masu zaɓe sun tsayar da babban ɗansa, Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, har jama'a suka fara tururuwar kai gaisuwa. Ba a jima ba sai gwamnatin soja ta jiha, ƙarƙashin Kanar Ahmed Daku, ta ba da sanarwar cewa Dasuƙi ne Sarkin Musulmi na 18. Gari ya kama da wuta. Aka yi kwana biyar ana tarzoma, matasa suna kirarin ba su so, aka ƙona dukiya, mutum aƙalla 10 suka rasa rayukansu.

Yana da kyau a saurari hujjar kowane ɓangare yadda masu ita suke kawo ta. Masu fushi suka ce an riga an yi zaɓe, an faɗi suna, an fara mubaya'a, sai wani iko daga Barikin Dodan a Ikko ya juya al'amarin saboda abota da dukiya. Suka ce gwamnan soja ba zaɓaɓɓe ba ne, ba kuma zai iya ƙin umurnin wanda ya turo shi ba. Suka ƙara da cewa Macciɗo ya shekara da shekaru a gindin mahaifinsa, talakawa sun san shi, shi kuwa Dasuƙi mutumin Kaduna da Ikko ne, ya fi sanin ofis da banki a kan zauren hakimi.

Magoya bayan Dasuƙi, waɗanda suke da yawa a ƙasar Tambuwal da cikin 'yan boko na Arewa, suka ce doka ta ba gwamna ikon zaɓa daga cikin sunayen da aka kai masa, kuma ba a taɓa cewa sunan da ya fara fita shi ne yankan hukunci ba. Suka tuna wa jama'a cewa gidan Bello ya riƙe gado tun 1931, kuma naɗa Macciɗo zai zama ɗa ya gaji uba kai tsaye, abin da aka ƙi a kan Tambari. Suka ce Buhari ɗan Shehu ne kamar Bello da Atiku, ba a kuma taɓa nuna ayar da ta fitar da jikokinsa ba. Suka ce zamani ya canja, ana bukatar sarkin da ya san gwamnati ciki da waje.

In aka auna, za a ga kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Babu mai musun nasabar Dasuƙi ko gogewarsa, kuma ƙorafin gidan Buhari ƙorafi ne mai tushe. Amma wannan ƙorafi bai sami shiga ta ƙofar masu zaɓe ba, ta ƙofar soja ya shiga, kuma yadda aka bari suna ɗaya ya fita sa'an nan aka musanya shi ya sa mutumin gari ya ji an raina masa hankali. Abin da ya tunzura jama'a ke nan fiye da sunan gidan da aka ɗauko.

5. AFRILU 1996

Dasuƙi ya yi ƙoƙarin jawo zukata. Ya gina makarantun Alƙur'ani, ya ƙarfafa Jama'atu da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci, ya nemi kusantar da Musulmin Kudu da na Arewa. Amma Babangida ya sauka a 1993, Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a ƙarshen wannan shekara, tsakaninsa da fadar Sakkwato kuwa ba daɗi, balle da aka ambaci sunan Sambo cikin zargin juyin mulki na 1995. Ranar 20 ga Afrilu 1996 gwamnan soja Kanar Yakubu Mu'azu ya kira Sarkin Musulmi ofishinsa ya shaida masa an tuɓe shi. Cikin laifuffukan da aka karanta har da haddasa gaba tsakanin jama'a, da ƙin bin umurnin gwamnati, da tafiye-tafiye ba da izini ba. Aka sa shi a jirgi zuwa Yola, aka wuce da shi Zing a Jihar Taraba. Aka naɗa Macciɗo, birni ya cika da murna.

Mai lura zai ga tafiyar ta yi kama da ta Tambari ƙwarai. An tsallake wanda masu zaɓe suka so, wanda aka ɗora ya yi shekara bakwai da 'yan watanni, majiɓincinsa ya gushe, aka sauke shi, aka komo ga wanda aka tsallake. Sai dai akwai abin da masu murnar 1996 ba su tsaya sun duba ba. Dokar da ta ba soja ikon ɗora Dasuƙi ita ce ta ba su ikon sauke shi ba tare da an saurare shi a gaban wata kotu ba, kuma dawowar Macciɗo ba ta rage wa wannan doka ƙarfi ba ko kaɗan. Dasuƙi ya koma Kaduna da zama bayan rasuwar Abacha, ya rasu ranar 14 ga Nuwamba 2016, shekara 10 bayan Macciɗo ya rasu a haɗarin jirgin sama a Abuja.

6. ZAMANIN ƘURI'A

Da mulki ya koma hannun farar hula a 1999, gardamar ta sauya riga. Tambuwal da Kebbe mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya wakilta daga 2003 zuwa 2015. A watan Yuni 2011 shugabannin jam'iyyar PDP da fadar shugaban ƙasa sun tsayar da wadda suke so ta shugabanci majalisar, amma 'yan majalisa suka ƙi, suka zaɓe shi da ƙuri'a 252 a kan 90. A nan masu zaɓe sun haɗa kai, hannun waje bai sami abin kamawa ba.

A zaɓen 2015 kuwa zargin katsalandan ya fito daga fuska biyu. Shugaba Goodluck Jonathan ya zargi gwamnatin Obama ta Amurka da karkata ga abokan hamayyarsa, yana kafa hujja da saƙon bidiyo da Obama ya aiko wa 'yan Nijeriya ana dab da zaɓe. A 2018 kuma jaridun Ingila suka tona cewa wani attajiri ɗan Nijeriya ya ɗauki hayar kamfanin Cambridge Analytica don ya ɓata sunan Janar Muhammadu Buhari ta hanyar intanet, da bidiyon tsoratar da masu zaɓe. Kowane ɓangare ya ga hannun baƙon da ya taimaki abokin gabansa, ya kau da kai daga wanda ya taimake shi. A zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, wanda sai da aka sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna, har da na Kebbe, ƙuri'a 342 ce kacal ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu, cikin fiye da miliyan ɗaya da aka kaɗa. Inda tazara ta yi ƙanƙanta haka, ɗan taɓi kaɗan daga waje ya isa ya juya sakamako, zargin taɓin ma kaɗai ya isa ya tayar da gari.

KAMMALAWA

Abu uku suka fito daga wannan tarihi. Na farko, baƙo ba ya ƙirƙiro ɗan takara. Attahiru na biyu ya nemi sarauta tun kafin Lugga ya zo, Tambari ɗan sarki ne mai neman gadon ubansa, gidan Buhari kuwa ya daɗe da ƙorafinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Jama'ar da ta bar wani gida ko wani yanki yana jin an mai da shi saniyar ware, ta tanadar wa mai katsalandan ƙofa.

Na biyu, wanda aka ɗora daga waje yakan rayu da ran wanda ya ɗora shi. Razdan yana tafiya, janar yana sauka, gwamnatin wata ƙasa tana canjawa, amma mutanen gari suna nan, kuma ba su mantuwa.

Na uku ya shafi ma'aikatan gwamnati musamman. Ba a taɓa yin irin wannan aiki ba sai da alƙalamin ma'aikaci. Wani ne ya rubuta rahoton da ya ɗaga Tambari, wani ya rubuta wanda ya kayar da shi, wani ya buga sanarwar 1988, wani ya buga ta 1996. Ikon da Lugga ya ƙwata a 1903 bai bar ofishin gwamna ba, har ma a 2024 majalisar dokokin Jihar Sakkwato ta gyara doka ta tabbatar da cewa naɗin hakimai yana hannun gwamna, Sarkin Musulmi shawara yake bayarwa. Ɗalibin da zai zauna a kujerar sakatare ko ta jami'in zaɓe wata rana, ya kamata ya san tarihin takardar da za a miƙo masa ya sa wa hannu, ya kuma tuna da mutum 10 da suka kwanta dama a titunan Sakkwato a watan Nuwamba 1988.